Yadda Ake Biyan Kuɗin Mota da Katin Bashi a Wurin Dila a Amurka

Tambayar da 'yan uwanmu mazauna Amurka kan yi idan sun tashi sayen mota ita ce ko mutum zai iya shiga wurin dila ya miƙa katin bashi a cire kuɗin motar, kamar yadda yake yi a kantin kayan masarufi. Ana iyawa. Sai dai ba kowane dila ke yarda ba, wanda ya yarda ma galibi wani kaso kawai zai karɓa, sauran ya ce ka kawo ta wata hanya. Amma akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, kuma kai za ka yi wa kanka ita tun kafin ka bar gida: kuɗin motar nan yana kwance a asusunka, ko kuwa so kake katin ya tsaya maka a madadin kuɗin da ba ka da shi? Idan kuɗin na nan, kati zai iya samo maka ɗan abin sakawa a aljihu, ya kuma ba ka wata kariya da tsabar kuɗi ba ta bayarwa. Idan babu, to ka ɗauko ɗaya daga cikin basussukan da suka fi tsada a ƙasar.

Ga mai karatu da ke gida, a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, sai an ɗan bambance. Katin da muka saba miƙa wa mai POS kuɗinka yake cirowa daga asusunka nan take. Shi kuwa katin bashi, kuɗin banki kake kashewa: an yanka maka iyakar da ba za ka wuce ba, ƙarshen wata a turo maka lissafi. Ka biya duka a kan lokaci, babu ruwan da zai hau kanka. Ka bar saura, ruwa ya fara hawa. Dillalan motocinmu turansfa suka sani, shi ya sa maganar ta fi shafar wanda ke zaune a Bronx ko Houston ko Columbus, da wanda yake aiken ɗan'uwansa can ya sayo masa mota a ɗoro ta a jirgin ruwa.

Abin da ya sa dila yake noƙewa

Duk lokacin da aka goga kati, kuɗin ba ya isa hannun mai shago cif-cif. Ana zaftare wani kaso, bankin da ya ba ka katin da kamfanin Visa ko Mastercard da masu na'urar su raba. Kason yana kamawa daga kusan 1.5 zuwa 3.5 cikin ɗari, gwargwadon irin katin, kuma katunan da ke ba da lada mai tsoka su suka fi ci. A kan kofin shayi wannan ba abin magana ba ne. A kan motar dala 30,000 kuwa, kashi 3 dala 900 ke nan, alhali ribar dila a jikin sabuwar mota sau da yawa ba ta taka kara ta karya ba.

Na biyu, wanda ya biya da kati yana da damar kai ƙorafi banki a janye kuɗin daga asusun dila har sai an bincika. Babu ɗan kasuwar da yake son ya ga mota ta fita, bayan wata biyu kuɗinta ya bi ta. Na uku, wanda ba za su faɗa maka ba: idan dila ne ya haɗa ka da bankin da zai ba ka bashin mota, yana samun la'ada a kai. Kai da ka zo da kati ka toshe masa wannan ƙofa.

Shi ya sa za ka ji an ce maka "muna karɓa har dala 3,000" ko "har 5,000". Wasu kan kai 10,000, wasu kuma ba sa karɓa ko kusa. Babu dokar da ta tilasta musu karɓar kati, saboda haka wannan adadi shawarar manaja ce, kuma abin da manaja ya yanke ana iya zama a yi ciniki a kansa.

Mataki na 1: Gyara katin tun kana gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako ɗaya ko biyu kafin ka je, buɗe manhajar bankinka ka duba abu uku.

Na farko, abin da ya rage maka na kashewa. Iyakar katinka na iya zama dala 8,000, amma idan akwai 1,500 da ba ka biya ba, 6,500 kawai gare ka. Biya tsohon bashin tas. Ba don a samu wuri kaɗai ba: rangwamen kwanakin da ake ba ka ba tare da ruwa ba yana aiki ne idan ka biya lissafin watan baya gaba ɗaya. Wanda ya shigo da saura, ruwa zai fara hawa kan kuɗin motar tun daga ranar da aka goga katin. Mutane da yawa a nan suke faɗawa.

Na biyu, ranar da ake rufe lissafin wata da ranar ƙarshe ta biya. Kwanaki biyu ne daban. Dokar katunan bashi ta 2009 ta wajabta wa banki ya turo maka lissafi aƙalla kwana 21 kafin ranar biya. Idan ka sayi motar kwana biyu bayan an rufe lissafi, za ka samu kusan kwana 50 kafin a nemi kuɗin. Idan ka saya ana jibi za a rufe, makonni uku da 'yan kai ne.

Na uku, ladan da katin yake bayarwa a kan saye irin wannan. Kada tallar "kashi 5" ta ruɗe ka, yawanci na man fetur ne ko gidan abinci. Sayen mota yana faɗawa cikin sayayya ta gama-gari, inda ake ba da kashi 1 zuwa 2.

Idan iyakar ba ta isa ba, kana iya roƙon banki ya ɗaga maka. Tambaye su tukuna ko za su yi cikakken binciken tarihin bashinka, domin irin wannan bincike yana ɗan rage makin kiredit ɗinka, wato makin da bankuna ke auna amanarka wajen biyan bashi da shi. Sannan ka sanar da su cewa rana kaza za ka kashe kuɗi kaza a wurin dilan mota.

Mataki na 2: Bugo waya, kada ka je ka ji

Kira diloli uku ko huɗu, ka ce a haɗa ka da ofishin kuɗi, ba mai talla ba, don shi mai talla komai ka tambaya "babu damuwa" zai ce maka har ka iso. Tambayoyin gajeru ne. Kuna karɓar katin bashi? Har nawa? Akwai ƙarin da kuke ɗorawa? Kuna karɓar kati biyu? Rubuta amsar da sunan wanda ya ba ka ita. Ba sai ka faɗi wace mota kake so ba, balle ka ce duka kuɗin za ka biya.

Mataki na 3: A gama ciniki kafin a ga kati

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane kawo kuɗi ko jawo asara. Kana zama, tambayar farko da mai talla zai jefo maka ita ce nawa kake so ka riƙa biya a wata, ko ta yaya za ka biya. Ka ce masa a fara daidaitawa a kan kuɗin mota, maganar biya tana tafe. Idan ya san da kati ka zo, zai cusa kashi ukunsa cikin farashi ba tare da ka gani ba. Idan ya san ba za ka karɓi bashinsu ba, ragin da zai yi maka zai ragu.

Farashin da za ka nema shi ne na fita da mota, wato jimillar duk abin da zai bar aljihunka, a rubuce. Farashin da ke manne a gilashi somin-taɓi ne. Ɗauki mazaunin birnin New York da aka sallama wa mota a kan dala 15,000. Harajin saye a can kashi 8.875 ne, wato dala 1,331. Kuɗin cike takardu, wanda jihar ta ƙayyade kada ya wuce dala 175. Takardar mallaka dala 50. Kafin a zo rajista da lamba an riga an haura 16,550. A jihohin da ba a ƙayyade kuɗin cike takardu ba, irin su Florida, wannan layi kaɗai yana iya doshin dala dubu. Kuma harajin na inda kake zaune ake bi, ba na inda dila yake ba, don haka tsallakawa wata jiha neman sauƙin haraji wahalar banza ce.

Idan motar hannu ce, kafin ka sa hannu a komai ka ɗauki lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17, ka duba tarihinta a Carfax ko AutoCheck, sannan ka kai ta wurin bakaniken da kai ka zaɓa. Dubi takardar da dokar tarayya ta sa a manna a tagar kowace motar hannu. Idan an yi alama a gurbin da aka rubuta "As Is", ma'anarsa babu garantin dila, duk abin da ya lalace bayan ka fita naka ne. Kuma kada wani ya ce maka kana da kwana uku na mayar da mota idan ka sake shawara. Dokar kwana uku ta janye ciniki ba ta shafi motar da aka saya a filin dila ba.

Sai farashin ya zauna a takarda za ka ce, "Zan sa dala kaza a kati." Idan sun ce iyakarsu 3,000 kai kuma 5,000 kake so, ka nemi manaja. Wanda ya ga ciniki ya faɗa, musamman a ƙarshen wata da suke neman cike adadi, ba zai so ya rasa shi saboda dala sittin ba.

Mataki na 4: Yi lissafin ƙarin da suke ɗorawa

Tun 2013 aka bai wa 'yan kasuwar Amurka damar ɗora wa mai katin bashi ƙarin kuɗi. Visa ta ƙayyade shi a kashi 3 tun 2023, Mastercard a kashi 4. Dole a sanar da kai kafin ka biya, kuma ya fito a rasit. Jihohi irin su Connecticut da Massachusetts sun hana shi. A kan katin cire kuɗi daga asusu kuwa ba a yarda a ɗora ba sam, ko ina kake.

Lissafin ba shi da wuya. Ka sa dala 5,000 a katin da ke mayar maka da kashi 2, ka samu dala 100. Dila ya ɗora kashi 3, ka biya 150. An ci ka da hamsin, kana murna ka tara makin lada. A ganina, muddin akwai ƙarin da ya kai ko ya wuce ladan katinka, mayar da shi aljihu ka rubuta ceki.

Wuri ɗaya ne lissafin yake juyawa. Sabbin katuna kan yi tayin cewa idan ka kashe, misali, dala 4,000 cikin wata uku na farko za a ba ka kyautar da ta kai ɗaruruwan daloli. Wanda dama zai sayi mota da kuɗinsa zai iya cike wannan sharaɗi a goga ɗaya. Ko an ɗora masa dala 120 a kan 4,000 ɗin, ya fita da riba. To amma iya abin da sharaɗin ya nema za ka sa, kada ka ƙara ko dala ɗaya.

Idan kuɗin ba ya hannu fa?

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne ake karyewa. Ruwan katin bashi a Amurka a 'yan shekarun nan ya haura kashi 20 a shekara. A ce ka bar dala 10,000 a kati mai kashi 22. Watan farko kaɗai ruwan dala 183 ne. Idan ka ɗauki wata 36 kana biya, kowane wata za ka ba da kusan 382, ƙarshe ka tarar ka biya ruwan da ya kai dala 3,750. Wannan kuɗin dai, a bashin mota mai kashi 8, biyan wata 313 ne, ruwan kuma kusan 1,280. Mota ɗaya, hanya ɗaya, bambancin ya doshi dala 2,500. Wanda kuma ya tsaya a kan mafi ƙarancin abin da banki ya ce a biya kowane wata, motar za ta tsufa ta mutu bashin yana nan da ransa.

Akwai katunan da ke ba da wata 12 zuwa 21 ba ruwa ga sabon mai kati. Wannan ce kaɗai hanyar da rarraba biyan kuɗin mota a kati yake da ma'ana. Raba kuɗin da yawan watannin, ka cire wata ɗaya don tsaro. Dala 6,000 a katin wata 16, ka ɗauka 15 ne, dala 400 kowane wata ba fashi. Idan wannan adadi ya fi ƙarfin albashinka, motar ce ta fi ƙarfinka, ba katin ba. Ka karanta sharaɗin da kyau: wasu tayin, musamman na katunan shaguna, ruwan suke jinginewa ba yafewa ba, idan wa'adi ya cika da saura ko kaɗan ne sai su lissafo maka tun daga ranar farko. Jinkirin biya kuma yana iya soke rangwamen.

Abu ɗaya da ban yarda kowa ya yi ba shi ne ciro tsabar kuɗi da katin bashi, ko amfani da 'yan cekunan da banki ke turowa da shi, a kai wa dila. Ana cire maka kashi 3 zuwa 5 nan take, ruwansa ya fi na saye, yana fara hawa a ranar, kuma babu lada ko ɗaya.

Mafi yawan masu karanta wannan Musulmi ne, don haka ba za a tsallake hukunci ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin bashin da aka sharɗanta ruwa a cikinsa ba, ko da mutum ya ƙudura zai biya kafin ruwan ya hau. Wasu malaman sun sassauta wa mazauna ƙasashen da rayuwa ke wuya ba tare da kati ba, bisa sharaɗin a biya duka a kan lokaci. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne haramcin barin saura har ruwa ya hau. Ka zauna da malamin da ka amince da shi kafin ka je wurin dila, ba bayan ka dawo ba.

Mataki na 5: Ɗakin manajan kuɗi

Bayan an sallama, za a kai ka wani ɗan ofis a ciki, da tebur da kwamfuta da tarin takardu. Mutumin da ke wurin ya fi mai tallan waje iya baki. Zai juyo maka da allo ya nuna jerin kaya: ƙarin garanti, maganin kare fenti, zanen lamba a gilashi, inshorar taya. Zai ce, "Tunda kati za ka sa, mu haɗa da wannan, ai maki za ka ƙara samu." Makin kashi 2 a kan abin dala 2,000 da ba ka buƙata dala arba'in ne. Ka ce masa ka gode. Akwai kuma inshorar cike giɓi, wadda amfaninta shi ne biyan bambanci tsakanin bashin mota da darajarta idan ta yi haɗari. Wanda ba shi da bashin mota ba abin da zai yi da ita.

Ɗauko takardar farashin da aka ba ka a waje, ka ajiye ta gefen yarjejeniyar, ka bi layi-layi da yatsa. Duk layin da bai kasance a ta farko ba, ka tambaya, a cire ko a yi maka bayani. Ka tabbata an rubuta nawa aka biya da kati, nawa ta wata hanya.

Idan kafin alƙalami kawai za ka sa a kati, sauran kuma bashin mota ne, ka faɗa tun da wuri, domin wasu masu ba da bashin ba sa yarda a biya kafin alƙalami da wani bashin. Ni ma ban ga hikimarsa ba sai ga wanda zai biya bashin katin tas a watan. Idan kuma kuɗin riƙe mota ne za ka bayar kafin ta iso, a nan kati ya fi komai dacewa, amma a rubuta a rasit cewa za a mayar maka idan ciniki bai yiwu ba.

Mataki na 6: Goga katin

Ka zo da lasisin tuƙi da shaidar inshora, kuma sunan da ke katin ya zama shi ne a takardar saye. Diloli da yawa ba sa karɓar katin wani, ko yayanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, sai dai ya zo da kansa.

Kafin ka danna amincewa, dubi adadin da ke fuskar na'urar. Sannan kada gabanka ya faɗi idan ta ce an ƙi. Abin da kan faru shi ne na'urar banki ta ga katin da ya saba sayen burodi da fetur yau ya nemi dala dubu biyar, sai ta tare. Cikin daƙiƙu wayarka za ta yi ƙara, saƙo ya shigo yana tambaya ko kai ne. Ka amsa, ka jira minti ɗaya, a sake gogawa. Idan saƙo bai zo ba, kira lambar da ke bayan katin kana zaune a wurin. Kada ka bari a yi ta gogawa sau uku sau huɗu, kuma ka duba manhaja ka tabbata sau ɗaya aka cire.

Sauran kuɗin, hanyar da ta fi sauƙi ita ce cekin da banki ya buga da sunan dila, ko turawa kai tsaye daga banki. Katin cire kuɗi ma yana yi, sai dai yana da iyakar kashewa ta yini, sai ka kira banki sun ɗaga maka. Masu son tsabar kuɗi su sani: abin da ya haura dala 10,000, dila zai cike fom mai lamba 8300 ya aika wa hukumar haraji. Ba laifi ba ne, cikewa kawai ake yi. Laifin shi ne ka rarraba kuɗin da gangan don kauce wa fom ɗin.

Kada ka tashi sai da rasit ɗin kati, kwafin yarjejeniya mai sa hannun ɓangare biyu, takardar da ta nuna nisan tafiyar motar, da lambar wucin gadi.

Mataki na 7: Bayan ka iso gida

Makin kiredit ɗinka yana tsakanin 300 da 850, kuma kusan kashi 30 na lissafinsa yana kan yawan bashin da ke kanka, musamman yadda ka cika katunanka. Dala 5,000 a kati mai iyakar 6,000 ya cinye kashi 83, makin zai faɗo. Bankuna galibi suna kai rahoton abin da ke kan kati ne a ranar rufe lissafi. Saboda haka wanda yake shirin neman hayar gida ko wani abu da za a duba makinsa, ya biya kafin wannan rana. Wanda ba ya shirin komai, faɗuwar ta ɗan lokaci ce, da ya biya makin zai dawo.

Sai dai a nan akwai wani ɗan lauje cikin naɗi. Dokar 1974 da ta kare masu kati ta ba ka hanya biyu. Ta farko ta kuskuren lissafi ce, kamar a cire sau biyu, ko a cire fiye da abin da ka sa wa hannu, ko a karɓi kuɗi ba a ba ka mota ba. Kana da kwana 60 daga ranar da aka turo lissafin ka rubuta wa banki, su kuma su amsa cikin kwana 30, su warware kafin kwana 90. Ta biyu ta ingancin abin da ka saya ce, misali an ce maka motar ba ta taɓa haɗari ba ka gano ƙarya ne. Wannan tana da sharuɗɗa: cinikin ya kasance a jiharka ko cikin mil 100 daga gidanka, ka fara neman sulhu da dila, kuma abin da za ka iya riƙewa shi ne wanda ba ka riga ka biya banki ba. Wato wanda ya biya bashin katin tas washegari ya rage wa kansa wannan makami.

Shawarata ita ce ka ware kuɗin a gefe, kada ka taɓa shi, ka yi mako guda kana tuƙa motar a gari da babbar hanya, sannan ka biya, da sauran kwanaki masu yawa kafin ranar ƙarshe. Ka kuma saita biyan kai tsaye na cikakken lissafi ko da mantuwa za ta zo. Amma kada ka ɗauki kati a matsayin garanti. Motar da ka sa hannu ka karɓa yadda take, giyarta ta mutu bayan wata ɗaya, da wuya banki ya goya maka baya.

Mazauna Ingila nasu ya fi sauƙi ta wannan fuska. Tun Janairun 2018 aka hana ɗora wa mai saye ƙarin kuɗi don ya biya da katinsa. Sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 kuma ya sa kamfanin kati ya ɗauki alhaki tare da mai sayarwa a kan kayan da farashinsa ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, ko da kafin alƙalami kawai aka biya da katin. Shi ya sa a can ko fam ɗari biyu ne a sa a kati, sauran a tura ta banki.

Motar da za a aika gida

Ga wanda zai ɗora motar zuwa Legas ko Kwatano ko Tema, kati yana da wata fa'ida da bashin mota ba shi da ita. Bashin kati ba a jingine yake da motar ba, takardar mallaka za ta fito da sunanka kai kaɗai. A bashin mota kuwa sunan banki yana kan takardar har ka gama biya, kuma kwastan ɗin Amurka ba za su bar ta ta fita ba sai da rubutaccen izinin bankin, wanda da wuya ya bayar. Ana gabatar musu da ainihin takardar mallakar aƙalla awa 72 kafin a fitar da motar. Takardar kuma takan ɗauki makonni kafin ta iso daga ofishin rajista, don haka kada ka kama wa motar gurbi a jirgi sai ta shigo hannunka. Idan sabuwa ce dal, duba yarjejeniyar da kyau, wasu diloli suna sa sharaɗin ba za a fitar da ita ƙasar waje ba sai bayan wani lokaci.

Idan Alhaji ne daga gida ya ce ka sa a katinka zai turo, to kuɗin ya fara shigowa asusunka tukuna, har da na haraji da na jirgi. Banki sunanka ya sani, ranar biya ba ta jiran canji ya sauko. Turo katin naira a goga a can ma ba mafita ba ne: bankunan Najeriya suna ƙayyade abin da katin zai kashe a waje, akwai ma lokacin da da yawansu suka rufe hanyar gaba ɗaya, ga shi kuma dila zai nemi ganin mai katin da shaidarsa. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, a turo ta banki, ranar da ya shigo ranar zan je."